Tsohuwar MF 135 da sitiyarinta ya yi tauri: za a iya sa mata na mai?

Tambayar daga wani manomin albasa ce a yankin Galmi. Yana da Massey Ferguson 135, da ita yake huɗa da garma mai faifai, da ita kuma yake jan tirelar albasa zuwa Ƙonni da Madawa. Sitiyarin ya yi nauyi har yaron da ke tuƙa ta na kwana da ciwon kafaɗa. Wani mai garaji ya ce zai ciro pompon sitiyarin tsohuwar mota ya sa mata, wani kuma ya ce a ja mai daga pompon da ke ɗaga garma. Yana son sanin ko aikin zai yiwu, me zai saya, kuma wa zai bi cikin su biyun.

Alhaji, aikin yana yiwuwa, ana kuma yin sa. Mai garajin farko ya fi kusa da gaskiya, na biyun kada ka bi shi, dalilin na nan tafe. Amma kafin ka fitar da ko dala a kan pompo, ka fara duba taraktar kanta. An ƙera MF 135 daga 1964 zuwa 1975, injinta Perkins ne mai fistan 3, lita 2.5, ƙarfin doki kamar 45, nauyinta duka bai kai tan 2 ba. Tarakta irin wannan, in dai ba a ɗaura mata cokalin ɗibar ƙasa a gaba ba, bai kamata ta wahalar da kafaɗar mutum haka ba. In ta kai ga haka, akwai abin da ya cije a gabanta. Hannun mutum in ya ji tirjiya sai ya sassauta. Sitiyarin mai kuwa ba ya sassautawa, zai tura da ƙarfin tan ɗaya da rabi zuwa biyu ta cikin ƙarfen da ya shekara 50 yana aiki, abin da ya cije kuma sai ya lanƙwashe ko ya karye. Saboda haka gyaran gaba shi ne rabin aikin, kuma shi ake fara yi.

Ka tokare tayoyin baya da duwatsu, ka ɗaga gaba da jak har tayoyi biyu su bar ƙasa, ka sa katako mai ƙwari a ƙarƙashi don kada a dogara da jak kaɗai. Ka juya sitiyari daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Yatsu biyu ya kamata su juya shi. In ya ƙi, sai a nemo mai laifin. A 135 sanduna biyu ke fitowa daga akwatin sitiyari, ɗaya ta bi hagu ɗaya ta bi dama, kowacce da tayarta. Ka cire su daga bakin taya, ka murɗa kowace taya da hannu ita kaɗai, sannan ka juya sitiyarin shi kaɗai. Nan take za ka gane inda taurin yake. Sau da yawa a kimfin yake, wato ƙarfen tsayen da taya ke juyawa a kansa. A ƙasansa akwai ɗan rulma da ke ɗauke da nauyin gaban tarakta. In giris ya daɗe bai kai gare shi ba, ƙurar Adar da ruwan fadama suka shiga, sai ya yi tsatsa ya daskare. Sabon rulma a kowane gefe, da bushi biyu-biyu na kimfin, kuɗinsu kaɗan ne in aka gwada da na pompo da silinda, kuma akwai taraktar da daga nan maganar taurin take ƙarewa.

Tun gaban na sama, ka girgiza kowace taya da hannu biyu, sama da ƙasa, sannan gefe da gefe. Duk rotil, wato gaɓar da ke bakin sandar sitiyari, da ya yi ƙwas-ƙwas a canza shi, kada a buga shi da guduma a ce ya matse. Ka duba babban fil ɗin tsakiya da aksul ke lilo a kansa. Ka buɗe akwatin sitiyari ka ga ko da mai a ciki, don da yawa sun bushe ƙaf shekara da shekaru, man giya mai lamba 90 yake sha. Sai tayoyi. Tayar gaba ta asali 6.00-16 ce mai layi uku, tana son iska kamar bar 2 zuwa 2.5 a agogon awon matsi. In an sa mata tayar Land Cruiser mai faɗin baki, ko an juya bakin ƙarfen taya waje don a faɗaɗa taku, ko iska ta yi ƙasa, kowanne cikin ukun yana ƙara nauyin sitiyari sosai. Daga ƙarshe ka auna tsakanin tayoyin biyu daidai tsayin cibiyarsu, ta gaba da ta baya. Awon gaba ya gaza na baya da kamar milimita 3.

In ka gama wannan duka kana son ƙarin sauƙi, ko kana shirin ƙara nauyi a gaba, to hanyoyi uku ne.

Ta lantarki, wadda ake ciro sandar sitiyarin ƙaramar mota mai ɗan inji a jiki, ban ba ka shawararta ba. Tana iya jan amfiya 40 ko fiye a lokacin da ta ji nauyi, dinamon asali na 135 kuwa abin da yake bayarwa bai fi amfiya ashirin da ƴan kai ba. An yi ta don cikin mota inda ba ƙura ba ruwa, sannan duk ƙarfinta ta cikin tsohon akwatin zai bi.

Ta biyu ita ce a bar akwatin sitiyari da sandunansa yadda suke, a ƙara silinda mai bawul a jikinta, a ɗaura ta a kan sandar gefe ɗaya. Da ka murɗa sitiyari, sandar za ta tura ɗan bawul ɗin kaɗan, mai ya shiga gefe ɗaya na silinda, silinda ta tura taya, bawul ya koma tsakiya. Kyawunta shi ne ƙarfe na nan haɗe tun daga hannunka har taya. Ko bel ya tsinke, ko tiyo ya fashe, ko inji ya mutu, sitiyari zai yi nauyi ne kawai, ba zai kuɓuce maka ba. Ana sayar da kayan a haɗe musamman don 135, yawanci ƙirar Turkiyya ko Indiya, da pompo da puli da ƙarafan ɗaurewa. In za ka aika a sayo daga Sakkwato ko Kano ko Yamai, ka faɗa musu injin mai fistan 3 ne na gazuwal, ka kuma faɗi ko aksul ɗinka miƙaƙƙe ne ko mai lanƙwasa baya, don ƙarafan ɗaurewar sun bambanta. Sharaɗinta ɗaya ne mai nauyi: akwatin ya kasance lafiyayye. Silindar gefe ɗaya take, ƙarfin da zai juya ɗaya tayar kuwa sai ya ratsa ta haƙoran da ke cikin akwatin. In haƙoran sun cinye, ko sitiyari na wasa da faɗin tafin hannu kafin taya ta motsa, wannan hanya za ta ƙara wasan, gaban ya riƙa rawa a kan kwalta.

Ta uku ita ce orbitrol. Ana raba sitiyari da akwatin gaba ɗaya, a ɗaura shi a kan wani ɗan kurtun ƙarfe mai bakuna huɗu, P da T da L da R. P daga pompo, T zuwa tanki, L da R zuwa bakunan silinda. Babu ƙarfe tsakanin hannu da taya, mai ne kaɗai. Ya fi kowanne taushi, kuma ba ruwansa da lalacewar tsohon akwati. Amma a 135 aikin ya fi yadda ake zato yawa. Tunda akwatin ne ke haɗa tayoyin biyu, in ka raba su da shi babu abin da ya riƙe su tare. Dole a sa sandar da za ta haɗa taya da taya, da sababbin hannuwa a kan kimfin, hannuwan kuma a karkace yadda tayar ciki za ta fi ta waje lanƙwasa a kwana. In sandar a bayan aksul take, ka ja igiya daga kimfin ta kan rotil ɗin hannun, ta nufi tsakiyar aksul ɗin baya. In ba haka ba tayoyi za su riƙa ja da ƙasa a kowace kwana suna cinyewa. Kwankon tsohon akwatin kuma akan bar shi a wurinsa, don akwai abubuwan da ke ɗaure a jikinsa.

Ga ra'ayina a fili. Kai da kake hawa babbar hanyar nan ta RN1 da tirela cike da buhunan albasa, tsakanin manyan motoci, ka ɗauki ta biyu muddin akwatinka na da rai, ko kuma ana iya gyara shi. Orbitrol in inji ya mutu yana juyuwa da ƙyar, don yana zama kamar pompon hannu, amma in tiyon L ko R ya fashe babu sitiyari sam. Ka koma ga orbitrol ne in akwatin ya mutu murus, ko za ka ɗaura cokali a gaba, kuma a lokacin kada ka yi rowa a kan tiyo.

Yanzu maganar pompo, wadda ta shafi hanya ta biyu da ta uku. Pompon ɗaga garma na Ferguson yana cikin gidan giya, kuma abu biyu ne suka hana shi wannan aiki. Na farko, daga bayan kuloci yake samun juyi, in ka taka kuloci har ƙasa sai ya tsaya. Ka tuna lokacin da ake taka kuloci: a bakin gona, wajen juyawa, daidai inda ake buƙatar sitiyari. Na biyu, bawul ɗinsa a bakin shan mai yake, ba ya turo mai sai an ce masa ya ɗaga. In ka tilasta masa turowa kullum don sitiyari, ka rasa sarrafa zurfin garma. Ƙari a kan haka, man gidan giya na ɗauke da garin ƙarfe, abin da bawul ɗin sitiyari ba ya jurewa. A ba sitiyari pomponsa da tankinsa da mansa, inji ya juya shi kai tsaye.

Pompon sitiyarin mota, irin na Hilux ko tsohuwar Marsandi, zaɓi ne mai kyau ga ƙaramar tarakta. An yi shi don bel, yana da bawul a ciki da ke tsayar da yawan man da yake turowa a wajen lita 6 zuwa 9 a minti komai gudun inji, da wani da ke sakin matsi in ya kai iyaka, yawanci tsakanin bar 70 da 110. Inda masu garaji ke kuskure shi ne girman puli. Injin tarakta a zaune yana juyi kamar 700 a minti, ƙarshen gudunsa bai fi 2,250 ba, pompon mota kuwa sai ya kai wajen juyi 1,000 yake ba da cikakken mai. Don haka pulin pompo ya zama ƙarami, faɗin na inji ya zama faɗinsa sau 1.3 zuwa 1.5. In na inji santimita 15 ne, na pompo ya zama 10 ko 11. Ka sa puli mai rami biyu a bakin inji, pompo ya samu bel nasa shi kaɗai. In ka haɗa shi da bel ɗin fanka, duk sanda sitiyari ya kai ƙarshe bel zai zame, fanka da pompon ruwa su rage gudu, ga zafin watan Afirilu da Mayu a Tawa da ke haura digiri 40. Ka ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar pulin biyu ka tabbatar suna layi ɗaya, bel kuma ya lotsa kamar santimita 1 in ka danna shi da babban yatsa.

In pompo mai haƙora ka samu, irin na aikin ɗaga kaya, mai turo mai cc 8 a kowane juyi ya isa (cc 1,000 ne lita ɗaya). Amma sai an kula da abu uku. Bakinsa ba ya jure jan bel ta gefe, sai an sa masa mazaunin rulma a gaba. Yana da gefen da yake juyawa, akwai kibiya a jiki, injin Perkins kuwa in ka tsaya a gabansa yana juyi ne irin na hannun agogo. In aka juya pompon baibai, robar bakinsa ce ke fita. Sannan ba shi da abin rage mai: a juyi 1,050 zai ba da kamar lita 8, a juyi 3,000 ya ba da fiye da 20, rarar kuma zafi take zama. Sai an ƙara bawul mai tsayar da yawan mai, da bawul mai sakin matsi in orbitrol ɗin ba shi da nasa. Kada a tayar da irin wannan pompo ba bawul ɗin sakin matsi ko na minti ɗaya.

Ƙarfin da aikin ke ci daga inji ba abin damuwa ba ne. Bar 100 sau lita 10 a raba da 600 ya ba da kilowat 1.7, doki biyu da ɗan kai, shi ma sai sitiyari ya kai ƙarshe.

Mai bin hanyar orbitrol, lissafin nan kada ya tsallake shi. A ce silinda mai faɗin ciki milimita 50, sandarta 25, tafiyarta 200. Faɗin fuskar fistan ɗin santimita murabba'i 19.6 ne, sau 20 ya ba da cc 393. Ta gefen sanda a cire 4.9, saura 14.7, sau 20 ya ba da cc 295. Orbitrol mai lamba 80 yana tura cc 80 a kowane zagayen sitiyari. Ke nan daga ƙarshe zuwa ƙarshe zagaye 4.9 ne ta gefe ɗaya, 3.7 ta ɗayan. Da mai lamba 100 zai zama 3.9 da 2.9. Abin da ake nema tsakanin 3 da 5 ne. Na fi son 80 ga wannan tarakta, don ba ya saurin fizga a kan hanya, in inji ya mutu ya fi sauƙin juyawa da hannu, kuma bai fi ƙarfin pompon mota ba: mai tuƙi in ya yi sauri yana kai zagaye 90 a minti, 90 sau 80 lita 7.2 ke nan. In ka sa mai lamba 160 a kan wannan pompo, da ka juya da sauri sai sitiyari ya ƙame, don mai bai iso ba. Bambancin hagu da dama da ka gani daga sandar silinda yake. In ka samu silinda mai sanda ta fito ta bakuna biyu, gefen biyu za su zo daidai. A bar 100, wannan silinda tana turawa da kusan kilo 2,000, tana ja da kusan 1,500. Ya ishi 135 har da rara, kada a ɗaga matsin ya wuce bar 100.

In a kasuwar tsofaffin kaya za ka saya, a Katako ta Yamai ko wani wuri, ka karanta ɗan allon da ke jikinsa. A na kamfanin Danfoss, OSPC 80 ON shi ne abin nema. OSPC na da bawul ɗin sakin matsi a ciki, da waɗanda ke kare tiyo in taya ta bugi dutse, OSPB ba shi da su. ON na nufin mai na wucewa daga P zuwa T in ba a taɓa sitiyari ba, kuma bugun taya ba ya dawowa hannu. Wanda aka rubuta LS, mai ƙaramin baki na biyar, ko CN, ko wanda aka ciro daga tsofaffin taraktocin John Deere masu rufaffen tsari, ka bar shi. Yana toshe hanyar mai a tsakiya, pomponka zai yi ta turawa a kan bawul ɗin sakin matsi har man ya ƙone cikin ɗan lokaci. In allon ya goge, ka hura iskar kwamfireso kaɗan ta P ba tare da ka juya bakin ba. In ta fito ta T, shi ne. Wajen ɗaurawa, sandar sitiyari ta samu nata rulma, ta shiga haƙoran orbitrol a sake, kada ta danne shi ko ta ja shi gefe, kada kuma a yi walda a bakinsa. In ta danne shi ba zai koma tsakiya ba, sitiyari ya riƙa tafiya da kansa.

Mazaunin silinda shi ne inda aikin gida ya fi lalacewa. Da orbitrol, a jikin aksul ake ɗaure gindin silinda. In aka ɗaure a jikin inji ko gangar tarakta, duk sanda taya ɗaya ta hau kunya aksul ya yi lilo, tayoyi za su karkata da kansu. A yi mazaunin da farantin ƙarfe mai kaurin milimita 12 zuwa 15, a ɗaure da noti masu lamba 8.8 ko 10.9 ta ramukan da ke jikin aksul. Kada a yi walda a kan ƙarfen zubi, yana tsagewa a gefen waldar, kada kuma a gasa hannun kimfin da wuta don a lanƙwasa shi. Kafin a sayi silinda a auna tafiyar da ake buƙata: a kai taya ƙarshen hagu a auna tsakanin wuraren ɗaurewa biyu, a kai ta ƙarshen dama a sake aunawa, bambancin shi ne tafiyar. Silindar ta ƙare tafiyarta daidai lokacin da taya ke taɓa abin tokarenta, ko gab da haka. In ta rage sauran tafiya, duk kilo 2,000 ɗin a kan hannun kimfin za su sauka kullum, har ya lanƙwashe ko makullinsa ya yanke. In ta yi tsawo a sa mata zobe a ciki a rage.

Tanki ya zauna sama da bakin pompo, nesa da bututun hayaƙi. Ɗan tankin mota bai isa zafinmu ba, a yi na lita 3 zuwa 5, a bar kashi ɗaya cikin huɗu ba mai, murfin kuma ya zama mai numfashi ta cikin matata. Rami kawai a murfi, a lokacin hunturu, hanya ce ta ƙura. Tiyon shan mai ya zama gajere mai faɗin milimita 16 zuwa 19, wanda ba ya lotsewa in ya yi zafi. Na matsi, wato P da L da R, mai waya ninki biyu, 2SN ko R2, faɗin milimita 10, bakunansa matsattsu da inji. Kada a ɗaure su da zoben sukurun tiyon ruwa. Na dawowa milimita 12 ko 13, da matata mai maikiron 10 zuwa 25 a kansa, bakinsa ya nutse cikin mai nesa da inda pompo ke sha. In tanki na yin zafin da hannu ba zai iya daɗewa a kai ba, ya haura digiri 60, sai a bi da tiyon dawowa ta lanƙwasasshen bututun ƙarfe a gaban lagireto. Kada man ya wuce digiri 80. Tiyon da ke zuwa aksul a bar masa rara don lilo, a nisanta shi da taya da bel.

Zaren bakuna iri-iri ne, akwai G1/2, akwai M18, akwai na Amurka, kuma suna kama da juna. In bai shiga da hannu zagaye uku ba, ba nasa ba ne, kada a tilasta da sifana. A sa wanki na jan ƙarfe ko mai roba a ciki. Farin zaren nan na masu gyaran pompon ruwa kada ya kusanci wurin, guntunsa ɗaya ya isa ya toshe bawul. Mai kuwa, ga pompon mota jan man nan ATF Dexron, ga mai haƙora man haidirolik lamba 46, ko 68 in aikin bazara ya yi yawa. Man birki yana kumbura robobin duka, tsohon baƙin mai kuma yana cinye pompo.

Tsabta a nan ba ƙawa ba ce. Tazarar da ke cikin orbitrol ko bawul ɗin silinda ba ta kai kaurin gashin kai ba. Tiyon da aka yanka da injin yanka yana cike da garin roba da guntayen waya, a wanke cikinsa da gazuwal, a hure da iska, a ɗaure bakin da leda har lokacin ɗaurawa. A yi haɗin a cikin rumfa, a yayyafa ruwa a ƙasa, ba ranar da iska ke tashi ba.

Ranar tayarwa, gaban ya kasance a sama. A cika tanki, a ja abin kashe inji a riƙe, a buga sitata kamar daƙiƙa 10 don pompo ya sha mai, a ƙara. Sannan a tayar a bar shi a zaune. Kada kowa ya zura hannu cikin sitiyari, a riƙe shi ta baki. A tsari na biyu, in an musanya tiyon silinda, sitiyari na iya fizgewa da kansa ya karya yatsa. A orbitrol, musanya L da R taya ce kawai za ta bi baibai, amma musanya P da T yana fitar da robar bakinsa. A riƙa juyawa a hankali hagu da dama sau 10 zuwa 15 ba tare da an buga ƙarshe ba, ana ƙara mai, har kumfa ta ɗauke. A sa agogon matsi mai kai bar 250 a bakin pompo. In ba a taɓa sitiyari ba ya nuna ƙasa da bar 15, a ƙarshe ya tsaya inda aka saita. Kada a riƙe shi a ƙarshe fiye da daƙiƙa 5. In ana neman inda yake yoyo, da guntun kwali ake nema. Mai a bar 100 yana huda fata ya shiga nama, ramin ƙarami amma yana iya cin hannu, wanda ya same shi a kai shi asibiti nan take. Bayan an sauke, a je fili a kashe inji tana tafiya a hankali, mai tuƙi ya ji da hannunsa yadda nauyin zai zama in ta mutu masa a hanya.

Abin da kan biyo baya ba shi da wuyar ganewa. In yana da taushi da gudu amma ya yi tauri a zaune, pompo ne ba ya samun juyi, a duba bel da girman puli. In pompo na kuka man ya yi kumfa, iska ce ke shiga ta tiyon sha, ko mai ya yi ƙasa. In da tauri kullum, agogo zai nuna ko bawul ɗin sakin matsi ya maƙale a buɗe ko pompon ya cinye. In a tsari na biyu gaban na jan kansa gefe ɗaya yana sama, bawul ɗin silinda bai zauna tsakiya ba, sai a saita. In a orbitrol sitiyari na ta juyawa taya ba ta bi sosai, a kai shi ƙarshe, a kashe inji, a cire tiyon gefen da ba matsi a toshe shi, a tayar a ci gaba da dannawa ta wancan gefen. In mai ya zubo daga bakin silinda, robar fistan ce ta tafi. Amma sitiyarin orbitrol ya ɗan sauya wurin zama daga rana zuwa rana, wannan halinsa ne, ba lalacewa ba. Wanda aka kwance aka mayar ba a daidaita sandar cikinsa ba, shi ne ke dukan hannu, don haka kada a buɗe shi in ba wanda ya san saitinsa.

A sake matse noti duka bayan aikin yinin farko, a canza mai da matata bayan awa 50. Ka kuma ja kunnen yaronka a kan abu biyu. Kada ya riƙa murɗa sitiyari tarakta na tsaye cik, musamman in taya ta nutse a laka ko ta tokari kunya, ya bari ta ɗan motsa tukuna. Sannan da can nauyin sitiyari ke gaya masa ko tayoyin gaba na riƙe da ƙasa. Yanzu ba zai ji ba. In an ɗaga garma mai faifai ko tirela ta danne baya, gaba na yin sauƙi har ya daina bin sitiyari, don haka a bar ƙarafan nauyi a gaba yadda kamar kashi 20 cikin 100 na nauyin tarakta zai zauna a kan tayoyin gaba. Giris a kimfin da rotil kullum da safe a lokacin aiki, da bel ɗaya da litar mai ɗaya a akwatin kayan aiki.

In ka ɗaga gaban ka gwada, Alhaji, ka aiko da abu huɗu: inda taurin ya fito, yawan wasan sitiyari kafin taya ta motsa, irin aksul ɗin, da faɗin pulin inji. Da su za a fitar maka da girman puli da na silinda kafin ka aika a sayo komai.